Tambayi Malamin Gona: Me Ya Sami Daminarmu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a teburina a wannan watan kusan dukkansu kukan ruwa da zafi suke yi. Wani ruwan farko ya ruɗe shi ya yi shuka ta ƙone, wata ruwa ya shiga mata ɗaki har kan gado, wani dattijo kuma cewa ya yi mu bar wannan surutu, abin na Allah ne. Saboda haka na ajiye maganar taki da na yi muku alkawari sai fitowa ta gaba. Na taƙaita wasu tambayoyin don fili ya isa, amma ban taɓa ma'anarsu ba, kuma kamar kullum ba na sa sunan mai tambaya.

TAMBAYA: Malam, na fi shekara 20 ina noman masara. Bana an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu a jere, ƙasa ta jiƙa, na shuka. Masara ta tsiro, sai ruwa ya ɗauke kusan sati uku, ta ƙone ƙurmus, sai da na sake sayen iri. Yarana sun ce wai sauyin yanayi ne. Mene ne shi, kuma me ke kawo shi?
Daga wani manomi, Rigachikun

AMSA: Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa. Na san wannan ciwon, don ni ma ya taɓa samuna a 'yar gonata da ke hanyar Kujama. Na durƙusa a tsakanin kunyoyi na tuge tsiro ɗaya, ganyensa ya naɗe kamar tsinke, saiwar ta bushe, na cusa yatsa a ƙasa har ƙarshensa ban taɓa danshi ba. Kuɗin iri da na ƙwadago sun tafi, ga kuma kwanakin da ba za su dawo ba.

Bari in fara da abin da kai ma ka sani. Daren da hadari ya rufe sama, zafi kan hana barci. Daren hunturu kuwa da sama take tas, taurari a fili, sanyi har cikin ƙashi. Dalili shi ne da rana ƙasa tana shan zafin rana, da dare ta mayar da shi sama. Idan akwai abin da ya tare shi, sai wani sashe ya dawo mana. Girgije da tururin ruwa suna wannan aikin, haka ma wasu iskoki da ido ba ya gani, babbarsu ita ce iskar kabon, wadda masana ke kira kabon-dayoksaid. Tamkar bargo suke a jikin duniya. Asalin bargon nan rahama ne. Ba don shi ba, da matsakaicin zafin duniya ya sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon wajen 15 da muke rayuwa a ciki. Matsalar ita ce an yi ta ƙara wa bargon kauri.

Kafin Turawa su fara masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce a cikin kowane kashi miliyan na iskar da ke kewaye da mu. A 1958 da aka fara auna ta kullum a kan wani tsauni a tsibirin Hawayi, ta kai 315. Yau ta haura 420. Daga ina ta fito? Mafi yawanta daga kwal da man fetur da gas. Waɗannan ragowar tsirrai ne da ƙananan halittu da suka daɗe binne a ƙarƙashin ƙasa, muka tono su muna ƙonawa a injina da motoci da tashoshin lantarki. Litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na wannan iska, ta dizal kuma wajen 2.7. Sai masana'antar siminti, sai sare daji da ƙona shi, don itace ma'ajiyar kabon ne, in ya ƙone ya saki abin da ya ajiye. Akwai kuma iskar metan da ke fitowa daga tumbin shanu, da fadamar shinkafa mai kwantaccen ruwa, da bola, da bututun gas mai yoyo. Ita ba ta daɗewa a sama kamar kabon, wajen shekara goma sha biyu take yi, amma kafin ta ɓace ta fi ta riƙe zafi nesa ba kusa ba. Hatta takin zamani da muke zubawa fiye da kima yana da tasa iskar.

Sakamakon haka, tsakanin 2011 da 2020 duniya ta fi yadda take a ƙarshen ƙarni na 19 zafi da wajen digiri 1.1, shekarar 2024 kuwa ta kai wajen 1.5, ba a taɓa auna shekara mai zafinta ba kafin nan. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ka. Duk uwar da ta taɓa goshin ɗanta ta san tazarar da ke tsakanin 37 da 38.5. Kuma wannan matsakaici ne da aka haɗa har da teku, tudu ya fi haka ɗumama.

To, shin shi ne ya ƙona maka masara? Ba zan iya nuna sati ukun nan da yatsa in ce ga mai laifi ba. Iyayenmu sun san ruwan yaudara tun da daɗewa, shi ya sa ba sa gaggawa, sai sun ga shamuwa ta sauka a kan rimin gari, iska ta juya, suna cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ina yaro aka yi farin 1973, na kama aiki aka yi na 1984, farin da ya zuƙe Tafkin Chadi daga faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a shekarun 1960 har ya rage kamar kashi ɗaya cikin goma. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sabon abu shi ne alamun sun daina cika alkawari. Shekaru da dama ina ajiye ma'aunin ruwan sama a bayan ofis, gwangwani ne mai mazurari da kwalba a ciki, kullum da safe in duba in rubuta a littafi. Da na yi ritaya na kafa wani a gida. Abin da nake gani a shafukan nan, jimillar ruwan shekara ba ta faɗi warwas ba, rabonsa ne ya lalace. Ruwan da a da kan sauka a hankali cikin marka, kwana da kwanaki, yanzu sai ya zubo a dare ɗaya, sannan a yi ta kallon sama.

Shawarata: kada ruwan farko ya fitar da kai da iri. Ka sari ƙasa da fartanya, in danshi bai kai zurfin tafin hannu ba, ka dakata. A yankinmu ruwan shuka na gaskiya yakan kankama ne in watan Mayu ya yi nisa, wani lokaci sai farkon Yuni. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki da lokacin da ake tsoron ɗaukewarsa, a neme shi a rediyo ko wurin malamin gona. Ka raba irinka biyu, kada ka zuba shi duka rana ɗaya. Ka nemi iri mai saurin nuna, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar da masara mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Ka ɗaure kunya don ruwa ya kwanta ya shiga ƙasa. Kuma ka bar wa dawa da wake wuri a gonar, sun fi masara haƙurin ƙishirwa.

TAMBAYA: Malam, haya muke yi kusa da kogi. Damina uku ke nan a jere ruwa yana shigo mana gida, bara har katifa da buhun shinkafata. In an zo duba mu sai a ce sauyin yanayi ne, wasu kuma su ce Kamaru ce ta sako ruwan dam. Wanne ne gaskiya?
Daga wata uwa, Tudun Wada

AMSA: Sannu ƙanwata, Allah ya tsare gaba. Maganar Kamaru a ajiye ta gefe. Madatsarsu ta Lagdo a kan kogin Binuwai take, ruwanta Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi yake bi. Namu kogin, wato kogin Kaduna, daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garin nan, ya wuce Shiroro, ya faɗa Neja. Ba abin da ya haɗa su.

Sauyin yanayi kuwa yana da hannu. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, duk ƙarin digiri ɗaya tana iya riƙe ƙarin kashi 7 cikin 100. Abin da ta ɗauka kuma sai ta sauke. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun ga ambaliyar 2012 da ta ci rai 363 ta raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. Mun ga ta 2022 da ta ci fiye da rai 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya cinye Maiduguri, a ƙarshen Mayun 2025 kuma ga Mokwa, fiye da mutum 150 cikin 'yan sa'o'i.

Ni ma ba labari aka ba ni ba. A ambaliyar 2003 ina haya ne a wani gida da bai fi jifa biyu daga kogi ba. Ba ta ƙofa ruwan ya fara shigowa ba, ta kwatar tsakar gida ya ɓullo, baya da baya, cikin dare. Kafin mu gama tashin yara ya kai ƙauri, kafin in goyo mahaifiyata in fitar da ita ya kai gwiwa. Buhunan masarata na cikin shago a zaure. Da muka dawo bayan kwana uku sun kumbura sun fashe, hatsin ya fara tsiro fari fat, ga wani wari mai tsami da har yau in na tuna sai in ji shi a hanci. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta ƙara barci mai nauyi ba in ana ruwan dare.

Amma zan gaya miki abin da masu zuwa duba ku ba sa faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fadamun da na koya wa mutane noman latas da tumatir a cikinsu farkon kama aikina, yau gidaje ne da shaguna. Fadama kuwa nan ne kogi yake miƙe ƙafa in ya cika. An yanka ta fuloti, an sayar, wani ya sa hannu a takarda, an gina, sannan aka zuba talaka a ciki haya. Lambatu kuma ga shi cike da leda da robar ruwa da yashi, wani ma ya ɗora shago a kansa. Tsakar gidan da a da ƙasa ce mai shan ruwa, yanzu an shafe ta da siminti, duk ɗigon da ya sauka sai titi. Shi ya sa kusan kowace shekara sunayen nan dai ake ji, Kigo Road, Bashama Road, Rafin Guza. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda kalmar sauyin yanayi ta zama mayafin da mai sakaci ke lulluɓa da shi. Gaskiya ne ruwan sama ya ƙara ƙarfi, amma wannan dalili ne na a faɗaɗa magudana a hana gini a bakin kogi. Ba hujjar naɗe hannu ba ce.

Ke kuma, na san tashi ba abu ne mai sauƙi ba da tsadar haya. In da hali, ki fara neman wuri a tudu tun cikin rani. In babu, daga watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba ki ƙulle takardun gida da na makarantar yara a leda ki rataye sama, ki ɗora abinci a kan benci, ku san gidan da za ku nufa in abin ya zo cikin dare. Ruwa na fara shigowa a kashe wutar gidan gaba ɗaya. Bayan ya janye kuma kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa, don shadda da rijiya sun gauraya, daga nan amai da gudawa ke samun yara.

TAMBAYA: Malam, ruwa da fari da zafi duk na Allah ne. Shi ke saukarwa, Shi ke hanawa. Wannan magana ta sauyin yanayi ba shisshigi ba ne cikin ikon Ubangiji? Ni a ganina zunubanmu ne, mu tuba kawai.
Daga wani dattijo, Kawo

AMSA: Allah ya ƙara maka lafiya, Baba Alhaji. Ban saɓa maka ba a kan cewa ruwa na Allah ne, kuma duk ranar da aka fita roƙon ruwa ina cikin sahu. Tuba kuwa ba wanda ya wuce ta. Sai dai ina roƙon ka dubi aya ta 41 a Suratur Rum, inda aka ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Mai sare daji ya bar ƙasa tsirara, da mai toshe hanyar ruwa ya tura shi gidan maƙwabci, da mai cika sama da hayaƙi don riba, duk hannaye ne. In tuba za a yi, har da barin wannan a cikinta.

Ka fi ni sanin ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, wadda maƙwabtanmu Kirista ma suke karantawa. Da ya fassara mafarkin sarki, bai ce a zauna a jira shekarun yunwa ba. Cewa ya yi a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Hasashe ne da tanadi. Haka Sayyidina Umar, da ya doshi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya juya. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mai auna iska da zafi bai ce shi ke saukar da ruwa ba. Sunnar da Allah ya shimfiɗa a halittarsa yake karantawa, kamar yadda kakanninmu suka karanta shamuwa da taurari. Ina fata irinku da ake jin maganarku a masallaci ku riƙa tuna wa jama'a hadisin da ya ce in Alƙiyama ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasa shi ya dasa. Kalmarku ɗaya ta fi shafi goma nawa isa.

TAMBAYA: Malam, a makaranta an ce mana lemar ozon ce ta huje shi ya sa ake zafi. Sannan ni abin da ban gane ba, mu da ko wutar lantarki ba mu da ita, me ya sa za a ce mu rage hayaƙi?
Daga wani ɗalibi, Kakuri

AMSA: Ɗana, abu biyu ne aka gwama maka. Ozon shimfiɗa ce can sama mai tare wani haske na rana da ke cutar da fata da ido. Sinadaran da ake sa wa firji da na'urar sanyaya ɗaki a da ne suka cinye ta, aka gano hujin a 1985, ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montiriyal a 1987 aka hana su, yanzu tana warkewa a hankali. Ɗumamar duniya daban ce, ita ce ta bargon da na yi wa mai tambayar farko bayani.

Tambayarka ta biyu kuwa ta daɗe tana ci mini rai. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Sin ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 30 a kowace shekara, in kuma aka tara tun farko Amurka ce kan gaba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2009 a Kopenhagen ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Paris a 2015 aka amince a tsayar da ɗumamar ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin 1.5. A Masar a 2022 aka yarda da asusun biyan asara da ɓarna, a Baku a 2024 aka ambaci dala biliyan 300 a shekara kafin 2035. Ni a ganina wannan kuɗi haƙƙi ne, ba sadaka ba, kuma ba wanda ke da bakin ce wa mai walda a Panteka ya kashe janaretonsa alhali ba a ba shi wuta ba.

Sai dai mu ma akwai namu. Shekara da shekaru ana ƙona gas a banza a rijiyoyin man Neja Delta, gas ɗin da zai iya dafa abinci ya ba da lantarki. Tsohon Shugaba Buhari ya yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa kafin 2060 Najeriya za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ku masu karatu ku ne za ku riƙa tambayar ina aka kwana. Kuma in ka samu dama ka koyi haɗa sola da gyaranta, ka koya. Manoman rani sun fara komawa famfon sola saboda tsadar mai, masu gyara kuwa ba su da yawa.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da abinci. Tun da gas ya yi tsada na koma gawayi. 'Yata ta ce ina cikin masu kawo hamada. Abin ya tsaya mini a rai, amma in na bari da me zan ciyar da su?
Daga wata mai tuwo-tuwo, Rigasa

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ke kika sa wa gas farashi ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka ɗauko kurfoti. Amma 'yarki ma ba ƙarya ta yi ba game da dajin. Duk mai bin hanyoyin shigowa garin nan yana ganin motoci maƙare da buhunan gawayi, kuma mai gawayi ba ya son itace marar nauyi, ƙirya yake nema da marke da kaɗanya, itatuwan da sai sun shekara da yawa kafin su girma. Na san dajin Afaka lokacin da in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi a jikinka. Yanzu in na wuce ta Mando nakan kau da kai. Inda itace ya tafi, ruwan sama yakan wanke ƙasar sama ya bar tsakuwa, rijiya ta yi nisa, iska ta samu filin gudu ta kwashe rufin mutane.

Abin da ya fi damuna a kanki ma ƙirjinki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara, mata da yara ne suka fi shaƙarsa. Ki yi girki inda iska ke wucewa, kada a kwana da gawayi mai ci a ɗaki rufe ko da sanyi ya yi tsanani. Ki nemi murhun nan mai yumɓu a ciki, yana riƙe zafi, buhu zai fi daɗe miki. Ki jiƙa wake tun dare, ki rufe tukunya, in kin gama ki kashe ragowar garwashi da yashi ki ajiye na gobe.

Daji kuwa yana iya dawowa, kuma misalin da nake so ba daga Turai yake ba, daga 'yan'uwanmu Hausawan Maraɗi da Damagaram yake. Bayan farin shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture in suna sassabe. Sai su zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture su bari, su sare sauran, su riƙa yi musu aski duk shekara. Suna kiransa sassaben zamani. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, don saiwar tana nan da ranta a ƙasa. An ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi abinci, ƙarƙashinsa kuma ƙasa ta fi ko'ina ƙarfi. Rassan da ake askewa su ne itacen girkin matan gida. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 jihohi 11 ya ɗauka a Najeriya, Kaduna ba ta ciki, don haka kada manomin Giwa ko Soba ko Ikara ya zauna jiran wata mota ta kawo masa dashe. Kututturen yana cikin gonarsa.

TAMBAYA: Tsutsar da ta cinye tumatir da cutar da ta kashe citta, su ma sauyin yanayi ne?
Daga wani ɗan gwari, Kasuwar Bacci

AMSA: Ba komai ake jingina masa ba, malam. Tsutsar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016 baƙuwa ce, asalinta Kudancin Amurka, kasuwanci ne ya yawo da ita ta Turai har ta iso mu. Zafi yana sa ta saurin hayayyafa, iyakar alaƙar ke nan. Cutar citta ta 2023 a yankin Kachia da Kagarko da Jaba kuwa ruɓa ce da ke bin iri da ƙasa, danshi mai yawa yana taimaka mata. Maganinta iri mai tsabta da hutar da gona.

TAMBAYA: Malam, mahaifiyata ta tsufa, tana da hawan jini, kuma ba ta yarda ta sha azumi ko ana tsananin zafi. Ɗakinta rufin kwano ne ba silin. Ina jin tsoro.
Daga wata malamar makaranta, Unguwar Mu'azu

AMSA: Tsoronki yana kan hanya, Malama. A azumin 2024, farkon Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitocin Bamako suka cika da tsofaffi, masana da suka bincika suka ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba. A aikin Hajjin shekarar fiye da alhazai 1,300 suka rasu, zafi a Makka ya haura digiri 51. Kuma ba zafin rana kaɗai ke kayar da tsoho ba, daren da ba ya hucewa ne, jiki bai samu ya huta ba.

Ki kai ta wurin likita kafin azumi, don wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitar da ruwa daga jiki. Ki samu malamin da take girmamawa ya yi mata bayanin rangwamen da shari'a ta yi wa tsoho da majinyaci, daga bakinsa za ta fi karɓa fiye da naki. Da rana a fitar da ita daga ɗakin kwanon zuwa inuwa ko zaure, a riƙa jiƙa mata zane ana shafa mata a wuya da hammata. In kin ga ta rikice tana magana ba kan gado, ko jikinta ya yi zafi rau babu gumi, a ba ta ruwa in tana iya haɗiya, a zuba mata a jiki, a tafi asibiti nan take, kada a jira magariba. Ɗakin kuma, ko silin ɗin tabarma ko zana aka yi masa a ƙarƙashin kwanon zai rage, haka shafa wa rufin farin fenti. In akwai ɗan fili ta yammacin ɗakin, ki dasa darbejiya da zarar ruwa ya zauna, ki kewaye ta da bulo saboda awaki, ki ba ta ruwan wanke-wanke marar sabulu a ranin farko.

Masu tambaya kan takin yuriya da lokacin zuba shi, ku yi mini haƙuri zuwa fitowa ta gaba, wasiƙunku suna nan a ajiye.